Lauyan Tsara Gado Ko Lauyan Rikicin Gado: Wanne Ya Dace Da Sabon Lauya?

Ɗalibin da ya kammala karatun lauya, kuma ya ji a ransa cewa sha'anin gado da wasiyya shi ne fagen da yake son ƙwarewa a kai, ba zai daɗe ba zai tarar da cewa fagen ya kasu gida biyu. Akwai lauyan da yake zama da mutum tun yana raye, yana da lafiyarsa da hankalinsa, su tsara yadda za a yi da dukiyarsa idan ya rasu, ko idan tsufa ko ciwo ya hana shi gudanar da al'amuransa. Akwai kuma lauyan da ba a nemansa sai bayan ƙasa ta rufe idon mai dukiya, magada sun kasa daidaitawa, magana ta kai gaban alƙali. Na farkon zan riƙa kiransa lauyan tsari, na biyun kuma lauyan shari'a. Dokar da suke karantawa ɗaya ce, amma wunin wannan bai yi kama da wunin wancan ba, kuma mutum yana iya dacewa da ɗaya ya sha baƙar wahala a ɗayan.

Abin da ya sa na ga wannan kwatanci ya zama dole shi ne wata fahimta da ta yi ƙarfi a tsakanin sababbin lauyoyi, cewa aikin tsari shi ne mafakar wanda yake tsoron tsayawa a kotu, wai cike takardu ne kawai a ofis mai sanyi, ba gardama ba tashin hankali. Wanda ya shiga aikin da wannan zato zai cuci kansa, kuma zai cuci iyalan da suka amince masa, domin nauyin da ke kan lauyan tsari bai gaza na abokin aikinsa ba, lokacin bayyanarsa ne kawai ya bambanta.

Mafi yawan aikin lauyan tsari sauraro ne da tambaya. Mai dukiya yakan zo da jimla ɗaya a bakinsa, cewa yana son ya rubuta wasiyya, sai lauya ya shafe sa'o'i yana warware abin da ke bayan wannan jimla. Me ya mallaka, kuma da sunan wa aka rubuta kowane abu? Akwai bashi a kansa, ko yana bin wasu? Sau nawa ya yi aure, kuma akwai 'ya'ya daga auren farko? Akwai yaro mai lalura da zai buƙaci kulawa har ƙarshen rayuwarsa? Idan yana da kamfani, wane ne zai sa hannu a takardar albashin ma'aikata a makon da ya rasu? Yana da gida ko asusu a wata ƙasa? Waɗannan tambayoyi ne da mutane ba sa son amsawa, wasu ma ba su taɓa faɗa wa matansu amsoshin ba, don haka lauyan da bai iya sa mutum ya saki jiki ya faɗi gaskiya ba, duk iliminsa na banza ne, tunda zai gina tsari a kan labarin da bai cika ba.

Bayan sauraro sai rubutu. Wasiyya ita ce takardar da kowa ya sani, amma sau da yawa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake shiryawa. Akwai tsarin amana, inda mai dukiya yake miƙa kadara ga amintattu su riƙe ta domin amfanin wasu bisa sharuɗɗan da ya gindaya. Akwai takardar wakilci wadda take ba wani ikon gudanar da kuɗin mutum idan hankalinsa ya gushe, irin wadda dokar Ingila ta 2005 kan ƙarfin hankali ta tanada. Akwai umarnin jinya, wanda mutum yake bayyana irin maganin da ya yarda a yi masa idan ya kai matsayin da ba zai iya magana ba. A Amurka ana yawan amfani da amanar da mai dukiya yake kafawa tun yana raye kuma yake da ikon warware ta, domin kadarar da ke cikinta ba ta bi ta kotun tabbatar da wasiyya, sannan sirrin iyali ba ya fita, saɓanin wasiyya wadda take zama takardar da kowa zai iya karantawa da zarar kotu ta tabbatar da ita. Sai dai kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a rubuta takardar amana mai kyau, a sa hannu, amma a manta a sauya sunan gida da asusun banki zuwa sunan amanar, sai ta zama rumbu babu hatsi. Bin diddigin irin wannan ƙaramin abu har ya kammala shi ne rabin sana'ar.

Haka kuma akwai dukiyar da wasiyya ba ta da iko a kanta ko kaɗan, kamar kuɗin inshorar rai da na fansho, waɗanda ake biyan wanda aka rubuta sunansa a takardar kamfani. A 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Egelhoff, inda wani ma'aikacin kamfanin Boeing ya rasu wata biyu bayan rabuwa da matarsa ba tare da ya cire sunanta daga takardun inshora da fansho ba, kotu ta ce kuɗin nata ne, 'ya'yansa na auren farko suka tashi a tutar babu. Tambaya ɗaya daga lauya mai lura da ta hana wannan.

Yawan 'yancin da lauyan tsari yake da shi ya danganta ga irin dokar da yake aiki a ƙarƙashinta, kuma wannan abu ne da ya kamata mai zaɓar sana'ar ya auna da kyau. A Ingila da mafi yawan jihohin Amurka, asali shi ne mutum yana da damar ba wanda ya ga dama dukiyarsa, ko da yake akwai kariya ga mata ko miji. A Faransa, tun daga kundin dokar farar hula na 1804, akwai kason da aka killace wa 'ya'ya wanda uba ba zai taɓa ba: rabin dukiya idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, kashi uku cikin huɗu idan sun kai uku ko fiye. A shari'ar Musulunci kuwa rabon gado a ƙayyade yake a aya ta 11 da ta 12 da ta 176 na Suratun Nisa'i, ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba abin da ya saura. Wasiyya ba ta wuce sulusi, bisa hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma a wurin mafi yawan malamai babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada.

Wani zai ce, to ai inda rabo yake a ƙayyade lauyan tsari ba shi da aiki. A ganina akasin haka ne. Ƙayyade rabo yana faɗa mana kason kowa, amma ba ya faɗa mana mene ne ainihin tarikar mamaci, wato dukiyar da ya bari, kuma a nan mafi yawan rigingimu suke tsirowa. Gidan da mutum ya ce ya ba matarsa kyauta, an rubuta? Ta karɓe shi a hannunta tun yana da lafiya, ko kuwa maganar baki ce kawai? Wannan tambaya tana da nauyi, domin kyautar da ba a kai ga karɓa ba har mai bayarwa ya rasu tana komawa cikin tarika a wurin malamai da yawa, kuma kyautar da aka yi a cikin ciwon ajali hukuncinta hukuncin wasiyya ne, ba ta wuce sulusi. Jarin da 'yan'uwa biyu suka haɗa shekara talatin da suka wuce ba tare da rubutu ba, nawa ne na mamaci a ciki? Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, waɗanda baffanninsu suke shamakance su daga gado, wa zai tuna wa kakan cewa sulusinsa zai iya share musu hawaye? Masar ta ga girman wannan matsala har ta kafa dokar wasiyya ta tilas a 1946 domin irin waɗannan jikoki, amma inda babu irin wannan doka, lauya ne ko malami zai yi tunin. Ga kuma wakafi, ga naɗa wasiyyi da zai kula da dukiyar marayu, ga kamfanin da idan aka yanyanka shi tsakanin magada goma sha biyar zai mutu murus. Duk wannan aikin tsari ne.

Idan dukiya ta ƙetara iyakar ƙasa, aikin yakan ƙara zurfi. A ƙa'idar Ingila, gida da fili suna bin dokar ƙasar da suke, kuɗi da sauran kayan da ake ɗauka kuma suna bin dokar ƙasar da mamaci ya ɗauka a matsayin mazauninsa na dindindin. Tarayyar Turai kuwa, tun daga 17 ga Agusta 2015, ta sa dokar ƙasar da mutum ya saba zama ita take hukunta dukan tarikarsa, sai dai idan ya zaɓi dokar ƙasar da yake ɗauke da fasfonta, kuma Ireland da Denmark ba sa cikin wannan tsari. Mutum ɗaya mai gida biyu a ƙasashe biyu yana iya buƙatar wasiyya biyu, kuma dole a rubuta su ta yadda ta biyu ba za ta soke ta farko bisa kuskure ba.

Sai batun haraji, wanda a wasu ƙasashe shi ne ƙashin bayan sana'ar, a wasu kuma babu shi sam. Birtaniya tana karɓar kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000, adadin da bai motsa ba tun 2009, kuma kyautar da mutum ya yi tana fita daga lissafi ne idan ya rayu shekara bakwai bayan yin ta. A Amurka adadin da aka yafe wa harajin tarayya dala 675,000 ne a 2001, magadan waɗanda suka rasu a 2010 suka samu damar kauce wa harajin gaba ɗaya, adadin ya kai dala miliyan 11.18 a 2018, ya kai miliyan 13.99 a 2025. Kanada ta soke harajin gado na tarayya a 1972, Ostareliya ta bi sahu a 1979. Ma'anar waɗannan alƙaluma ga mai zaɓar sana'a ita ce, tsarin da ya yi wa mutum daidai a bana yana iya zama cikas bayan shekara biyar, don haka lauyan tsari ba ya gama karatu, kuma wanda ba ya jure wa lissafi da karanta dokar haraji mai sarƙaƙiya zai takura a manyan ofisoshi.

Yanzu ga inda nauyin yake. Kuskuren lauyan tsari ba ya bayyana sai ranar da mutumin da kaɗai zai iya gyara shi ya riga mu gidan gaskiya, wato lokacin da bakin alƙalami ya bushe. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ƙasashe da yawa suka gada ko suka kwaikwaya, ta ce sai an rubuta wasiyya, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu. Idan ɗaya daga cikin shaidun yana cikin waɗanda aka yi wa wasiyya, ko mijin wata ne ko matar wani daga cikinsu, kasonsa ya faɗi. Idan mai wasiyya ya yi aure bayan rubuta ta, auren yana soke ta, sai idan an rubuta ta ne da niyyar wannan aure. Ko jinkiri ma laifi ne. A shari'ar White da Jones, wani dattijo ya yi fushi da 'ya'yansa mata biyu ya cire su daga wasiyyarsa, daga baya suka shirya, ya aika wa lauyoyinsa wasiƙa a watan Yulin 1986 cewa a rubuta sabuwa a ba kowacce fam 9,000. Aka yi ta jan ƙafa har ya rasu a watan Satumba. A 1995 kotun ƙoli ta Ingila a wancan zamani, wato Majalisar Dattawa, ta ce lauyoyin su biya 'ya'yan abin da suka rasa, duk da cewa ba su ne suka ɗauki lauyoyin aiki ba. Tun daga nan lauyan tsari ya san cewa waɗanda zai amsa wa tambaya ba mai dukiya ne kaɗai ba.

Mafi wuyar abin da yake fuskanta, a nawa ganin, shi ne auna hankalin tsoho. Ma'aunin da kotunan ƙasashe da yawa suke bi har yau ya fito ne daga shari'ar Banks da Goodfellow ta 1870: mai wasiyya ya fahimci abin da yake yi da sakamakonsa, ya san iyakar dukiyarsa, ya tuna waɗanda ya kamata ya yi la'akari da su, kuma kada wata ruɗuwar tunani ta karkatar da rabon. Shi John Banks ɗin yana da taɓin hankali, yana ganin ana bibiyarsa, amma kotu ta tabbatar da wasiyyarsa domin ruɗuwar ba ta shafi wanda ya ba dukiyar ba. Lauya ba likita ba ne, amma shi ne yake zaune gaban mutumin, shi zai lura cewa ɗan da ya kawo tsohuwar ofis shi yake amsa duk tambayoyin, shi kuma zai yi ƙarfin halin roƙonsa ya fita ya bar su su biyu. Wani alƙalin Ingila mai suna Templeman ya ba da shawara a 1975 cewa wasiyyar tsoho ko mai tsananin ciwo a sa likita ya duba shi ya rubuta abin da ya gani. Lauyan kirki yana ƙarawa da rubuta bayanin zaman dalla-dalla, domin wata rana, ƙila bayan shekara goma sha biyar, za a kira shi kotu ya ba da shaida a kan zaman da ya daɗe da mantawa. Ashe ke nan wanda ya gudu daga kotu zuwa aikin tsari zai iya komawa cikinta, a akwatin shaida.

Lauyan shari'a yana farawa ne daga inda wancan ya tsaya, ko daga inda ba a nemi wancan ba tun farko. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, aikinsa kuwa shi ne neman tsagar, ko tabbatar wa kotu cewa babu ita. Hujjojin da ake ƙalubalantar wasiyya da su ba su da yawa: ba a sa hannu bisa ƙa'ida ba, mai wasiyya ba ya cikin hankalinsa, bai san abin da ke cikin takardar ba, an tursasa shi, ko takardar jabu ce. Bayan waɗannan akwai ƙarar wasiyyi ko amintacce da ya ci amana, da ƙarar neman a raba kadarar da wani magaji ya danne, da gardama a kan wane ne magaji ma tukuna. Abin da ya bambanta wannan shari'a da sauran shari'o'i shi ne babban mai shaida ba zai taɓa zuwa ba. Dole a sake gina tunaninsa daga takardun asibiti, da bayanan banki, da saƙonnin waya, da bakin maƙwabta da masu jinya, kowa kuma yana tuna abin da ya dace da ɓangarensa. Tursasawa ita ce mafi wuyar tabbatarwa, domin a ɗaki ake yin ta babu mai gani, kuma a dokar Ingila wanda ya yi zargin shi zai kawo hujja.

Wannan aiki yana da daɗin da aikin tsari ba shi da shi. Akwai farin cikin gano takarda ɗaya da ta juya shari'a, akwai fasahar yi wa mai shaida tambayoyi har gaskiya ta fito, akwai ranar hukunci da mutum yake sanin ya yi nasara ko bai yi ba. Lauyan da ya ƙwato wa marayu gidan ubansu daga hannun wanda ya danne shi yana ganin amfanin aikinsa da idonsa. Wani lokaci ma abin yana kama da aikin mai bincike: bayan rasuwar mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin a 2018 an ɗauka ba ta bar wasiyya ba, sai aka tsinci takardu da rubutun hannunta, ɗaya ta 2010 a cikin kabad a kulle, ɗaya ta 2014 a ƙarƙashin matashin kujera, kuma sai a Yulin 2023 masu taya alƙali hukunci a jihar Michigan suka ce ta 2014 ce wasiyyarta.

Amma farashinsa lokaci ne da zuciya. Melita Jackson ta rasu a Ingila a 2004, ta bar kusan fam 486,000 ga ƙungiyoyin kula da dabbobi, ba ta bar wa 'yarta tilo komai ba. 'Yar ta kai ƙara a ƙarƙashin dokar 1975 da ta ba iyali damar neman abin dogaro daga tarika. Alƙalin farko ya ba ta fam 50,000 a 2007, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara mata zuwa fam 143,000 da wani abu a kai a 2015, Kotun Ƙoli ta mayar da ita kan fam 50,000 a 2017. Shekara goma sha uku ke nan ana abu ɗaya. Lauyan shari'a yana rayuwa ne a cikin irin wannan jira, da wa'adin shigar da takardu wanda ba ya ɗaga ƙafa, da mutanen da suke cikin makoki da fushi a lokaci guda. Sau da yawa rigimar ba ta kuɗi ba ce, tsohon ciwo ne na wanda yake ganin an fifita ƙaninsa tun suna yara, kuma babu hukuncin da zai warkar da wannan. Shi ya sa ƙwararru a wannan fage suke ƙoƙarin kai mutane teburin sulhu, kuma mafi yawan ƙararrakin a can suke ƙarewa. Lauyan da yake da tsoron Allah zai gaya wa wanda yake wakilta tun ranar farko cewa kuɗin shari'a yana iya cinye abin da ake faɗa a kansa, ko da faɗin hakan zai sa ya rasa aikin.

Ta fuskar samu, bambancin yana cikin yanayin shigowar kuɗi fiye da yawansa. Lauyan tsari yakan yanke lada ɗaya a kan kowane aiki, kuɗin ba shi da yawa a karo guda amma yana zuwa a kai a kai, kuma iyali ɗaya suna iya zama tare da shi shekara talatin: ya rubuta wa uba wasiyya, ya gudanar da tarikarsa, ya rubuta wa 'ya'ya tasu. Ginin irin wannan ofis yana da jinkiri ƙwarai, domin mutane ba sa miƙa sirrinsu ga baƙo, kuma aikin yana zuwa ne ta bakin akantoci da ma'aikatan banki da waɗanda aka taɓa yi wa aiki suka gamsu. Akwai kuma gasa daga ƙasa: a Ingila doka ba ta keɓe rubuta wasiyya ga lauyoyi ba, kowa yana iya yi a biya shi, ga kamfanonin intanet irin su LegalZoom da suke sayar da takardun da mutum zai cike da kansa. Wanda iyakar abin da ya iya shi ne wasiyya mai sauƙi, kasuwarsa tana ƙanƙancewa. Lauyan shari'a kuwa yakan caji bisa sa'o'in aiki, ko a wasu ƙasashe bisa kaso daga abin da aka ƙwato, don haka shari'a ɗaya babba tana iya ciyar da ofis shekara guda, wata shekarar kuma a yi ta jira. Lokacin lauyan tsari a hannunsa yake, ban da kiran gaggawa zuwa gadon asibiti. Lokacin lauyan shari'a a hannun kotu yake.

Batun ƙarin karatu ba ya buƙatar dogon bayani. Mai son tsari zai amfana da digiri na biyu a dokar haraji, da takardar ƙwarewa ta ƙungiyar STEP ta masu aikin amana da gado, wadda aka kafa a 1991 kuma take da mambobi a ƙasashe da dama. A Amurka akwai ƙungiyar ACTEC ta lauyoyin amana da gado, wadda ba a shiga sai an zaɓi mutum bayan aƙalla shekara goma a fagen. Mai son shari'a kuwa makarantarsa ita ce zauren kotu da dokar shaida, da zama a bayan babban lauya yana kallo. Wanda zai yi aiki a ƙasashen da suke bin tsarin Faransa ya sani cewa babban ɓangare na aikin tsari yana hannun wani jami'in doka na daban da suke kira notaire, kuma hanyar zama shi ba ita ce hanyar zama lauyan kotu ba. Wanda zai yi wa Musulmi aiki kuma, ta kowane ɓangare, ba makawa sai ya zauna ya koyi ilimin fara'ili, wato ilimin rabon gado, har ya iya warware mas'ala irin ta mamacin da ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, inda asalin lissafi yake tashi daga 24 zuwa 27, sumunin matar, wato kashi ɗaya cikin takwas, ya koma tusu'i, wato kashi ɗaya cikin tara.

Idan aka tambaye ni wanne za a zaɓa, zan ce mutum ya dubi irin nauyin da zuciyarsa take iya ɗauka. Wanda yake iya karanta jimla ɗaya sau biyar yana tambayar kansa yadda maƙiyi zai fassara ta bayan shekara ashirin, wanda yake iya zama da mai ciwon ajali ya yi maganar mutuwa cikin natsuwa da ladabi, wanda kuma ba ya buƙatar a yaba masa, tunda alamar nasararsa ita ce a raba gado lafiya ba wanda ya ma tuna da sunansa, wannan lauyan tsari ne. Wanda jininsa yake motsawa idan ya ga an zalunci mai rauni, yake iya shan kaye yau ya koma kotu gobe, yake kuma iya jin zagin 'yan'uwa ga junansu ba tare da ya kai shi gida ba, wannan ya nufi shari'a. Tsoron magana a gaban jama'a kaɗai bai isa dalilin zaɓar tsari ba, kamar yadda son a san mutum bai isa dalilin zaɓar shari'a ba.

Ga wanda har yanzu yake tsakiya, shawarata ita ce ya fara da shari'a na shekara biyu ko uku, sannan ya koma tsari idan can zuciyarsa take. Wanda ya taɓa ganin yadda ake yayyaga wasiyya a kotu, ya ga lauyan da ya rubuta ta yana laluben amsa domin bai ajiye bayanin zama ba, ba zai sake rubuta takarda da sakaci ba. Komawa daga tsari zuwa shari'a bayan shekaru ya fi wuya, domin sabo da kotu abu ne da ya fi shiga tun mutum yana sabon jini. A ƙananan ofisoshi lauya ɗaya yakan yi duka biyun, kuma babu laifi a cikin haka, muddin ya kiyaye cewa wasiyyar da shi ya rubuta, idan aka ƙalubalance ta, matsayinsa na mai shaida ne, don haka sai ya miƙa shari'ar ga wani lauya. Kafin mutum ya karɓi aiki a kowane ofis, ya roƙi a bar shi ya zauna a zaman ɗaukar bayanin wasiyya guda ɗaya, da izinin mai ita, da kuma zaman sulhun magada guda ɗaya, sannan ya tambayi wane ne a ofishin yake sake karanta takardar sabon lauya kafin a kai wa mai dukiya ya sa hannu.